Gwangwanin Goro a Ɗakin Inji

Ɗakin Inji, Kakakin Zango, Kumasi
Litinin, 2 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Manaja Sherifa Abdul-Hakim, a saman bene.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da duk mutanen gida.

Ni ne Bawah Suraj, foman na ɗakin inji, wanda kike wucewa ta gabansa kowace safiya. Kin aiko mini saƙo a waya har sau uku. Ban buɗe ba. Maganar abincin mutane ba a waya ake yin ta ba, shi ya sa na ɗauko takarda.

Bari in tuna miki ko ni wane ne. Na shigo gidan jaridar nan a 1983, ranar da mahaifinki Alhaji Abdul-Hakim, Allah ya jiƙansa, ya buɗe ƙofa. A aji uku na sakandare na tsaya, don babu mai tura ni gaba. Babu wanda ya koya mini jera haruffan dalma. Kallo na yi na iya, har na wuce wanda nake kallo. Haruffan da aka sayo babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsu. Ni na zauna da magagari na gyara su ɗaya bayan ɗaya, don kada fataken goro da ke zuwa daga Kano su yi mana dariya. Da babban inji ya iso daga Accra a 1996 babu littafinsa, injiniya ya zagaye shi sau biyu, ya girgiza kai, ya tafi abinsa. Ni na kwance shi, na ɗaure shi, ya tashi. Shekarun da wuta ta yi ta ɗaukewa, na koma kan ƙaramin inji mai feda na buga da ƙafata. Shekara arba'in, ba a taɓa yin Juma'ar da liman ya riga Kakaki isa masallaci ba. Na gina gida ɗaki huɗu a Aboabo, kuma ki tambayi kafintocin Anloga, da hannuna na zaɓi kowane katako. Na aurar da 'ya'ya uku. Duk wannan ba da taimakon kowa ba sai Allah.

To, wannan mutumin ne ya zo aiki ranar Asabar ya tarar an manna takarda a ƙofar ɗakinsa, wai daga ƙarshen wata an daina buga Kakaki, za ta koma cikin waya, mu biyar na ƙasa kuma an gode mana. Takardar ma ba a ɗakina aka buga ta ba, kuma a karkace ta fito.

Mu biyar ɗin, ko kin san mu? Abass ne ke tsaye da ni a bakin inji tun yana da gashi a kansa. Mma Hamamatu ke ninke jarida, ta riga ki shiga gidan nan da shekaru. Brimah ke kai wa Tafo da kewaye a kan babur. Hikma ke zagaya kasuwanni da gidajen mata, daga Asawase har Kejetia. Mun zauna jiya bayan la'asar, suka ce in yi magana da bakinsu, don ni ne na fi iya alƙalami. Gaskiya suka faɗa.

Ba mu yarda ba. Ba mu ce kada ki shiga waya ba. Shiga, Allah ya ba da sa'a. Amma akwai aikin da muke yi a ƙasan benen nan wanda kwamfuta ba ta san da shi ba. Muna neman ki sauko ki zauna da mu, mu biyar, kafin ki sayar da inji.

Na riƙe ki ranar sunanki, kin yi mini fitsari a sabuwar riga, ban ce komai ba. Yau kam sai na ce.

Ki huta lafiya.
Bawah Suraj, Foman


Ofishin Manaja
Laraba, 4 ga Oktoba, 2023

Kawu Bawah,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ƙafar nan taka ta yi sauƙi. Tun da ba ka buɗe waya, ga shi na bi ka a takarda. Mataki goma sha huɗu ne tsakaninmu, amma Mma Hamamatu ta ce za ta kawo maka.

Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, Baba ya sha faɗa mana. Manna takarda a ƙofa kuma kuskure ne, ka yi haƙuri, ya kamata in zo da kaina.

Amma Kawu, ka fi ni sanin inda muke. Takarda tana ta tsada. Abin da muke bugawa, rabi yana dawowa, ƙarshensa masu ƙosai ne ke ƙunshe kaya da shi. Mutuwa ko haihuwa in ta faru ranar Asabar, kafin Juma'armu ta zo labarin ya riga ya je Jamus ya dawo a waya. Idan ban juya ba, sunan Kakaki ne gaba ɗaya zai mutu, kuma ni ba zan zama wadda ta kashe abin Baba ba. Mai sayen babban inji zai zo tsakiyar watan gobe.

Ga abin da nake so in yi maka kai. Ka hau sama ka zauna kusa da ni a matsayin mai ba da shawara, da kujerarka da fanka, albashinka bai taɓu ba. Sauran huɗun za a sallame su cikin mutunci, ba za a tauye wa kowa haƙƙinsa ba.

Abu ɗaya kuma, kada ranka ya ɓaci. Gwangwanin goron nan da ke kan teburinka, wanda duk mai kawo sanarwar aure ko suna sai ya jefa goro a ciki kafin ka buga masa, ba zai bi mu sama ba. Masu talla suna gani, kuma ba ya yi mana kyau a ido. Yanzu mai sanarwa zai turo ta waya, cikin minti biyar ta fita.

Ka yi tunani. A gaishe da uwargida, Mma Basiratu.

'Yarka,
Sherifa


Ɗakin Inji
Alhamis, 5 ga Oktoba, 2023

Manaja,

Assalamu alaikum, na gode da tambayar ƙafa, tana nan tana aikinta.

Kujera da fanka. Ba zan yi miki ƙarya ba, na hau sama jiya kina waje na dubi kujerar, har na zauna a kai kaɗan. Tana juyawa. Da na sauko na tarar Abass yana goge inji yana waƙa, sai na ji kunyar ƙafafuna. Ba zan zauna a sama in leƙo ta taga in ga Mma Hamamatu tana fita da ledar kayanta ba. Ko mu biyar, ko babu. Ki riƙe fankarki.

Maganar gwangwani kuwa, kin ɓata mini rai, kuma kin ce kada ya ɓaci. Ni da ba na cin goro! Ki dubi haƙorana. Bari in karanta miki abin da ba a koya muku a jami'a ba. A zangon nan, in za a yi aure ko suna, goro ake kai wa manya gida gida. Dattijon da ya ji labarin auren gidansu daga bakin waje kafin goro ya taka ƙofarsa, an mayar da shi baƙo ke nan, kuma ba zai zo ba. Saboda haka dokar ɗakina ita ce: ba na buga sanarwa sai an gama rabon goro. Ƙwaya ɗayan da ake jefawa a gwangwani shaida ce, ragowar abin da aka raba. Kuma ba na tsayawa a nan. Sai Brimah da Hikma sun dawo daga zagaye sun ce mini e, goron ya isa gidan wane da gidan wance. Sau nawa na riƙe sanarwa mako guda mai ita yana ta zagina, daga baya ya dawo yana godiya. Ni na kafa wannan doka da kaina.

Minti biyar ɗinki ba ta san ƙofar kowa ba.

Za mu buga har Juma'ar ƙarshe kamar yadda aka saba, babu mai lalata aiki. Gwangwanina kuma zan tafi da shi gida.

Wassalam.
Bawah


Gidan Alhaji Abdul-Hakim, Ash Town
Talata, 7 ga Nuwamba, 2023

Bawah mai tawada,

Sallama irin ta addini. Yaya zaman gida? An ce mini kwana goma ke nan kana zaune a ƙofar gida kana gyara wa masu wucewa tafiya, har Basiratu ta fara addu'ar Allah ya ba ka aiki. Ni ce Safara'u, ƙanwar marigayi Alhaji Abdul-Hakim, in ka manta hannuna. Sherifa ta ce ba ka karɓar waya, ni kuma gwiwata ba za ta kai ni Aboabo yau ba.

Bawah, mun shiga uku. Ka san ranar Lahadi za a ɗaura auren Muhaimin, ƙanen Sherifa, da Rahma ta gidan dillalan shanu a Tafo. Goro yana nan huhu biyu a ɗakina, jibi Alhamis muka sa za a raba. To, 'yar ɗan'uwana Sherifa da murna ta cika mata ciki, yau da safe sai ta sa sanarwa a Kakakin wayarta, da hoton ango da amarya, da ranar, da komai. Kafin azahar ta zagaye gari.

Alhaji Alfa, wan kakan yarinyar, shi ne waliyyi. Yana zaune a zaurensa cikin abokan cinikinsa, wani mahauci ya miƙo masa waya ya ce, “Alhaji, barka, ashe biki gare ku.” A gaban mutane! Ya duba, ya mayar da wayar, ya ce, “Allah ya sanya alheri. 'Yar gidan wa ce?” Yanzu ya aiko cewa tun da gidanmu sun iya ɗaura aure a waya, su nemi waliyyi a waya. Dattawan Tafo duk sun bi bayansa. Rahma tana can lalle bai hau hannunta ba tana kuka, Muhaimin ya ƙi cin abinci, Sherifa ta goge sanarwar amma wa zai goge ta daga idon mahauci?

Na aika mutum biyu, ko tabarma ba a shimfiɗa musu ba. Ni ban san wanda ya san ƙofofin Tafo, da wanda ake fara gaisarwa da wanda ake bari ƙarshe, kamar mutanenka ba. Na san an yi muku ba daidai ba, na faɗa mata tun ranar. Amma yaran nan biyu ba su kori kowa daga aiki ba.

Kada ka tsaya yi mini jawabin 1983. Ka tashi.

Yayarka,
Hajiya Safara'u


Aboabo
Laraba, 8 ga Nuwamba, 2023

Hajiya,

Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ba zan ce na faɗa ba. Amma takardata ta 5 ga Oktoba tana wurin Manaja, a karanta.

Na tara mutanena yau da hantsi a ƙofar gidana. Ba a yi ta da sauƙi ba. Abass ya buga ƙafa ya ce, “Foman, yau ranarmu ce. Ta sa hannu a takarda cewa mun koma aiki, sannan mu motsa.” Hikma ta ce haka ne. Ni ma zuciyata ta ɗan karkata can. Sai Mma Hamamatu ta cire asuwaki daga bakinta ta ce, “Abass, in aka fasa auren nan, kai za ka auri Rahma? Da wannan sanƙon?” Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ta ce ba a ciniki da auren 'yar mutane, mu yi aikin, sannan mu nemi namu da fuska a wanke. Muka ɗaga hannu, biyar cif. Abass ne ya ɗaga ƙarshe, kuma rabi ya ɗaga.

Ga abin da nake bukata. A buɗe mini ɗakin inji yanzu. A ba Brimah da Hikma goron yau, ba gobe ba. Manaja kada ta sake taɓa wayar nan, kada ta ba da haƙuri a ciki, kada ta yi bayani, ta yi shiru kamar ba ta gari. Sauran a bar mini.

Sharaɗinmu ɗaya ne, kuma ba na sa hannu ba ne: bayan biki ta sauko ƙasa ta zauna da mu biyar.

Ki ce wa Muhaimin ya ci abinci, kada rigar ango ta yi masa yawa.

Ƙanenki,
Bawah


Ɗakin Inji
Litinin, 13 ga Nuwamba, 2023

Manaja,

Assalamu alaikum. Barkanmu da biki, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari. Jiya kin tare ni a bakin rumfa kina tambaya yaya aka yi, ga makaɗa ga hayaniya ga shinkafa a gabana, na ce sai na rubuta. To ga shi, ki adana.

Ranar Laraba da aka buɗe mini ɗaki, na tarar babu farantin bugu ko ɗaya na babban inji, kin riga kin hana a kawo. Sai muka ja ƙaramin mai feda daga ƙarƙashin matakala, Abass ya zuba masa mai, na buɗe akwatunan dalma da ban taɓa ba shekara takwas. Yatsuna ba su manta komai ba. Na fara jera Kakaki ta falle ɗaya, gaba da baya.

Su Brimah kuwa suka ɗauki goro. Hikma ta fara da tsohuwar gidan, uwar kakar Rahma, wadda ba ta ko fita tsakar gida, wadda mutanen da Hajiya ta aika ba su ma san tana raye ba. Ta ce tsohuwar ta riƙe goron ta ce, “Yanzu na ji.” Daga nan mata suka fara laushi.

Brimah bai tafi wurin Alhaji Alfa kai tsaye ba. Sai da ya bi ta kan limamin unguwa da aminin Alhaji na fatauci, sannan ranar Alhamis da la'asar muka shiga zauren tare, ni ina sanye da babbar rigata, tawada a farce. Muka yi sallama, aka amsa da hanci. Brimah ya durƙusa ya ajiye goro.

Alhaji ya ce, “Na mene ne?”

Brimah ya ce, “Na auren Rahma ne, Baba. Mun zo mu sanar da kai.”

Ya ce, “Ai Kakaki ta riga ta sanar da ni. A hannun mahauci.”

Brimah ya buɗe ido ya ce, “Kakaki? Baba, shekara ashirin da shida wa yake kawo maka Kakaki?”

“Kai.”

“Na kawo maka wannan makon?”

“A'a.”

“To wace Kakaki ka gani?”

Sai na gyara murya na ce, “Alhaji, ni ne mai buga Kakaki tun ranar farko. Abin da bai bi ta hannuna ba, bai fita ba. Abin da ka gani a gilashi zumuɗin yarinya ne, ta ga ƙanenta zai yi aure hankalinta ya tashi sama. Ta yi kuskure, tana gida kunya ta hana ta fitowa. Sanarwa tana ɗakina a jere, ban sa mata tawada ba, kuma ba zan sa ba sai ka ce.” Na ciro gwangwanina daga aljihun riga na ajiye a gabansa, babu komai a ciki.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya san shi, sau shida yana jefa goro a ciki na 'ya'yansa. Ya ce, “Bawah, an ce an kore ka.” Na ce, “An ce.” Ya ce, “Korarre ne ya zo roƙa wa wadda ta kore shi?” Na ce, “Na riƙe ta ranar suna, Alhaji.” Sai ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya kwance goron, ya zaɓi fari babba, ya jefa a gwangwani da hannunsa, ƙwal! Ya ce, “Je ka buga. Kuma sunana ya fito sosai, idona ba kamar da ba.”

Juma'a da sassafe na hau feda. Ƙafar da kike tambaya ta buga ɗari huɗu. Mma Hamamatu tana ninkewa tana guɗa. Kafin liman ya hau mumbari babu ko ɗaya a hannun Brimah, har wani ya biyo shi a motar haya ta trotro yana neman ta gidan surukansa. Kin dai ga Alhaji Alfa jiya, da takardar a aljihun gaba, yana ciro ta yana nuna wa duk wanda ya zauna kusa da shi.

Ni kuma an ce na yi rawa. Ban yi rawa ba, ƙafata nake miƙewa.

Wannan dabara daga farko har ƙarshe tawa ce. Muna jiran ki a ƙasa. Akwai benci.

Wassalam.
Bawah Suraj, Foman


Ash Town
Laraba, 15 ga Nuwamba, 2023

Bawah mai tawada,

Sallama da godiya. Allah ya saka muku, ya rufa muku asiri kamar yadda kuka rufa mana. Na aiko da atamfa biyu, ta Hamamatu da ta Hikma, da yadi na maza uku. Naka ne mai ruwan ƙasa, kada ka ɗauki na Abass.

Sherifa ta karanta mini takardunka duka, mun sha dariya har na yi tari. Rawa kam ka yi, akwai ta a wayar kowa.

Amma tsaya. “Ni na kafa wannan doka da kaina.” Bawah! Ka ji tsoron Allah, ina raye. Auren wa aka kusa fasawa a 1986? Nawa. Wa ya ji ana maganar a ofishin yayana, murna ta kama shi, ya je ya jera sanarwa da manyan haruffa har da zanen fure, ya buga mako guda kafin a raba goro? Wani siririn yaro mai tawada a kunne. Kawun mijina ya rantse ba zai zo ba. Kai kuma ka ɓuya bayan ƙaramin injin nan kana sharɓe hanci. Hamamatu ce, tana sabuwar ɗauka, ta ja ka da hannu har gidan tsohon kuka durƙusa. Da kuka dawo ita ta wanke gwangwanin madara ta dangwara a teburinka ta ce, “Daga yau in ba ka ga goro a nan ba, kada ka taɓa harafi.”

Shekara talatin da bakwai ba ta taɓa tona ka ba. Ni ma ban so ba, amma na ga yarinyar nan tana tafiya kai a sunkuye kamar ita ta fara yin wannan kuskure a duniya. Na gaya mata. Ta ɗago.

Ka iya aiki, wannan babu mai musu. Amma ba kai kaɗai ba ne, kuma ka sani, shi ya sa ka ƙi kujera mai juyawa.

Yayarka,
Safara'u


Ofishin Manaja
Litinin, 20 ga Nuwamba, 2023

Kawu Bawah,

Assalamu alaikum. Na gode da bencin ranar Asabar, da shayin Abass, da faɗan da Hikma ta yi mini, na cancanta. Ka ce sai an rubuta abin da muka yarda, to ga shi.

Babban inji zai tafi, a nan ku kuka sassauta mini, na kuma ga yadda Abass ya shafa shi. Labarai za su ci gaba da fita a waya kullum. Amma kowace Juma'a ƙaramin inji zai fitar da Kakaki ta falle ɗaya, ta aure da suna da addu'ar mamata. Tun ranar bikin gida goma sha ɗaya suka aiko suna son irin ta Alhaji Alfa.

Babu sanarwar da za ta shiga waya sai goronta ya faɗa gwangwani, Kawu Brimah da Anti Hikma sun tabbatar. Su biyun za su riƙa ɗauko mana labaran unguwa a zagayensu, na ba su waya, Anti Hikma har ta fi ni sauri. Mma Hamamatu ce mai riƙe gwangwani. Ku biyar kuna nan, takardar ƙofa na cire ta da hannuna.

Tsofaffin da idonsu ya gaji suna so a riƙa karanta musu ta Juma'a su saurara a waya. Kowa ya ce muryarka. Na san ra'ayinka game da waya, saboda haka ba na matsa maka.

A saman sabon shafi zan rubuta: Wanda ya kafa, Alhaji Abdul-Hakim. Manaja, Sherifa Abdul-Hakim. In akwai gyara ka faɗa.

Gwaggo ta ba ni labarin 1986. Ban gaya wa kowa ba. Furen ne kawai nake so in gani.

'Yarka,
Sherifa


Ɗakin Inji
Talata, 21 ga Nuwamba, 2023

Manaja,

Wa alaikumus salam. Mun karanta mu biyar, mun yarda.

Maganar 1986, Hajiya ta tsufa, tana ƙara gishiri. Ban yi kuka ba, tawada ce ta shiga idona. Sauran gaskiya ne. Furen yana akwati na uku, har yanzu babu mai irinsa a Kumasi.

Karatu zan yi, tun da jama'a sun nace. A nuna mini inda ake dannawa sau ɗaya, ba na bukatar sau biyu.

Gyara kuwa akwai. Shekara arba'in ina jera sunayen mutane, na masu aure da na jarirai da na matattu, nawa bai taɓa fita a Kakaki ba ko sau ɗaya. Ƙarƙashin sunan Alhaji ki sa: Hamamatu, mai gwangwani. Ki sa Abass, ki sa Brimah, ki sa Hikma, kowa da aikinsa. A takarda da waya duka.

Sannan ki bar layi guda, shi kaɗai, ki rubuta: Bawah Suraj, Foman, tun 1983.

Na takarda ni zan jera shi da hannuna, na riga na zaɓi haruffan. Na waya kuma ki rubuta shi yau, kafin la'asar. Zan hau sama in duba.

Kawunki,
Bawah